Filin Tambaya da Amsa: Falsafa a Jikin Mota, a Cikin Fim da Bakin Makaɗi

Wasiƙu uku na ware a wannan wata daga cikin waɗanda suka iso mana daga Kebbi da Zamfara. Masu su ba su san juna ba, shekarunsu da sana'o'insu kuma sun bambanta, amma da na karanta su a jere sai na ga duk a rijiya ɗaya suka zura guga, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar farko ta jami'a a Birnin Kebbi. An wajabta mana wani darasi na falsafa da mantiƙi. Da na je hutu mahaifina ya ga takardun, sai ya ce wannan karatun Turawa ne mai raba mutum da imaninsa. Ni kuma ko a aji ban ga abin da ya haɗa shi da rayuwarmu ba. Shin akwai wata alaƙa tsakanin falsafa da mu Hausawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi gaggawar ganin baiken mahaifinka, domin damuwar da ya nuna tsohuwa ce, kuma manyan malamai sun riga shi nuna ta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafin Tahafutul Falasifa yana warware mas'aloli 20 na masana falsafa, ya kuma kafirta su a kan uku daga ciki: cewa duniya ba ta da farko, cewa sanin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da kuma musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Sai dai Gazali bai yi wa fannin kuɗin goro ba. Ya ware mantiƙi, wato ilmin auna hujja don a gane ingantacciya daga gurɓatacciya, ya riƙe shi, ya kuma yi masa littattafai na musamman.

Idan mahaifinka ya yi karatun zaure, to babu shakka ya karanta Ahalari, ɗan littafin nan na tsarki da salla da ake farawa da shi. Mai littafin, Abdurrahman Al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya tsara waƙen Sullam a kan mantiƙi, wanda malamanmu suka daɗe suna karantarwa. A cikin waƙen nan shi da kansa ya kawo saɓanin da ke akwai: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta karatun, wasu sun ce ya kamata a san shi, magana mafi inganci a wurinsa kuma ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge a Alƙur'ani da sunna. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi a kan wannan mas'ala, Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa. A wannan yankin namu kuwa an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame, ya kuma yi rubuce-rubuce masu zurfi a kan hikima da asalin samuwar halitta. Ka kai wa mahaifinka waɗannan sunaye cikin ladabi, za ka ga hirar taku ta sauya.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa. Duk wanda ya karanta tauhidi a Ummul Barahin na Shehu Sanusi ya san an fara da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba ya sawwala rashinsa, mustahili, wanda hankali ba ya sawwala samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna iya yiwuwa. Wannan rabo aikin masu zurfin tunani ne da aka daɗe ana tacewa tun kafin Sanusi, amma ga shi ya gangaro har makarantun Islamiyya, yara suna rera siffofi ashirin, kalmar wajibi kuma ta shiga bakin kowa har mai sayar da goro.

Wancan ɓangaren malamai ke nan. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na tasha da kasuwa, domin tambayoyin da falsafa ke yi ba su wuce irin waɗannan ba: me ya sa wani ya samu wani ya rasa, me ake nufi da adalci, wane ne ya cancanci girma, ina iyakar abin da mutum yake da iko a kansa. Kwanakin baya na tsaya a Jega kusa da wata babbar mota da aka loda wa albasar Aliero. A goshinta an rubuta da jan fenti, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama", a robar da ke bayan taya kuma an rubuta, "Tashi in taimake ka". Direban, dattijo mai furfura a gemu, yana zagaya motar da guntun ƙarfe yana ƙwanƙwasa tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sauraren ƙararsu. Na ce masa, "Alhaji, wanne ka ɗauka cikin rubutun nan biyu?" Ya dube ni ya ce, "Malam, na gaba shi ka sa ni barci da dare, na baya shi ka tashe ni da asuba." Mas'alar da mutumin nan ya warware wa kansa a jimla ɗaya, ita ce wadda Jabariyya, masu cewa bawa ba shi da zaɓi, da Ƙadariyya, masu cewa shi yake samar da aikinsa da kansa, suka yi ƙarnoni suna jayayya a kanta, ita ce kuma za ka tarar a takardunka da sunan 'yancin zaɓi. Idan ka koma aji, duk ra'ayin da aka kawo maka ka nemi karin maganar da ta yi daidai da shi da wadda ta saɓa masa. Da wuya ka rasa duka biyun.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Gusau. Na lura a yawancin fina-finan Hausa masu dogon zango da ɗalibaina suke kallo, duk abin da ya faru, ko zalunci ne ƙarara, sai a rufe da cewa ƙaddara ce. Yanzu idan yarinya ta faɗi jarrabawa sai ta ce ba rabonta ba ne. Fim ne yake koya musu wannan, ko kuwa dama haka muke?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan lura. Amsar ita ce duka biyun, amma ba daidai wa daida ba. Mai shirya fim ɗan kasuwa ne, yana ɗauko abin da ya san zai shiga zuciyar masu kallo, saboda haka bai ƙago maganar ƙaddara ba, a cikinmu ya same ta. Laifin da nake ganin yana da shi shi ne rabin maganar yake ɗauka ya bar rabi, kuma idan aka maimaita rabin magana kowane mako tsawon shekara biyu ko uku, sai ta zauna a kan yarinya kamar ita ce cikakkiya.

Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne na imani, babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Abin dubawa shi ne yadda magabata suka fahimce shi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Haka kuma sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Malaman Ash'ariyya, waɗanda yawancin littattafan tauhidinmu na zaure suke bin tafarkinsu, sun kira rabon bawa a cikin aikinsa da suna kasbu, kuma a kansa hisabi yake hawa. Hausawa ma ba su bar maganar da ƙafa ɗaya ba. Wanda ya ce zafin nema ba ya kawo samu, shi ne ya ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, shi ne kuma ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To me ya sa ɓangare ɗaya ya fi ƙara a zamanin nan? A nan ne halin da jama'a ke ciki yake shigowa. Ra'ayi yana yin kasuwa ne gwargwadon yadda ya dace da abin da mutane suke gani da idonsu. Yarinyar da ta ga yayanta ya gama jami'a da sakamako mai kyau yana zaune shekara biyar babu aiki, ta ga wanda bai kai shi ba ya samu saboda yana da hanya. Manomin da ya yi huɗa ya yi shuka ya yi noma, sannan aka hana shi girbi sai ya biya 'yan bindiga. Uwar da ta tura 'yarta makaranta a Jangebe aka kwashe su cikin dare a watan Fabrairun 2021. Duk waɗannan rayuwa ta nuna musu cewa igiyar da ke tsakanin ƙoƙari da sakamako ta tsinke. Mutumin da ke cikin wannan hali idan ya ce ƙaddara ce, sau da yawa yana neman abin da zai riƙe zuciyarsa ne don kada ta fashe, kuma ni ba zan taɓa raina wannan ba. Na sha zaman makoki inda kalmar nan ita kaɗai ta hana uba zaucewa.

Inda nake tsayawa in ƙi shi ne inda kalmar ta tashi daga bakin wanda aka zalunta ta koma bakin wanda ya yi zaluncin, ko wanda ya yi sakaci. A fim za ki ga miji ya wulaƙanta matarsa kashi talatin, a kashi na ƙarshe dattawa su taru su ce ta yi haƙuri haka Allah ya rubuta, a rufe ba tare da an ce masa ya yi laifi ba. Wannan ya saɓa wa abin da aka karantar da mu, domin ƙaddara ana kafa hujja da ita a kan musiba, ba a kafa ta don wanke mai laifi.

Ki tuna abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010. Yara ƙanana suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, har aka rasa aƙalla 400. Da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, da sauran masu bincike suka duba, sai aka gano gubar dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su ana niƙa su, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Mutuwar kowane yaro a cikinsu da ajalinsa ta zo, wannan gaskiya ne. Amma da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, aka ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini, mace-macen sun ragu ƙwarai, wannan ma gaskiya ne, kuma shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Talauci ne ya kai iyayen ga dutsen, tsadar zinariya a kasuwar duniya ce ta sa aikin ya yi armashi, rashin sani ne ya shigo da shi tsakar gida. Kowanne daga cikin ukun nan yana da wanda za a tambaya.

Shawarata ita ce kada ki yaƙi fim ɗin, domin ba za ki raba su da shi ba. Ki shigo da shi aji. Ki ɗauki labarin da duk suka sani, ki ce su ware miki abin da ya sami jarumar wanda babu yadda za ta yi, da abin da wani ya zaɓa ya yi mata, da abin da ita ta zaɓa da kanta. Idan suka iya wannan rabo a kan labarin wata, za ki iya juyo da shi a hankali kan takardar jarrabawar da aka faɗi: rashin lafiyar da ta zo ranar, malamin da bai shiga aji ba, da darare nawa aka yi ana kallo ba a buɗe littafi ba.

TAMBAYA: Malam, ni tsoho ne daga Ƙaura Namoda. Jikokina suna sauraren waƙoƙin da ake yabon 'yan bindiga a waya, suna kallonsu a TikTok suna baje kuɗi. Har na ga ƙananan suna wasa da karan dawa a matsayin bindiga, sun naɗe fuska da tsumma. Da na yi faɗa sai babban ya ce ai a zamaninmu ma an yi wa ɓarayi waƙa. Na rasa amsar da zan ba shi. Ba gara hukuma ta hana waƙoƙin gaba ɗaya ba?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya shirya mana zuriya. Jikanka bai yi ƙarya ba. An yi Muhammadu Gambu na Fagada a ƙasar Kebbi, wanda duk ƙasar Hausa ta sani da waƙar ɓarayi, kamar yadda aka yi Kassu Zurmi da 'yan tauri da Ɗan Anace da 'yan dambe. Kowane rukuni na jama'a yana da makaɗinsa. Kuma tambayar da kuka yi ta hanawa an yi ta a ƙasar Girka sama da shekara 2300 da suka wuce. Masanin falsafa Aflaton ya ga cewa waƙa da wasan kwaikwayo suna shiga zuciyar yaro kafin hankalinsa ya yi ƙarfin tacewa, don haka ya ce a fitar da irin waɗannan mawaƙa daga birnin da yake ganin ya dace. Almajirinsa Aristotal ya saɓa masa, ya ce kallon labarin tsoro da tausayi yana sauke wa mutum nauyin da ke zuciyarsa.

A ganina kowannensu yana da gaskiya a muhallinsa, kuma muhallin ne amsar da za ku ba jikanku. A zamanin da ake jin Gambu, ɓarawo mai tafiyar dare ne, yana ɓoye sana'arsa, idan aka kama shi danginsa sun shiga kunya har jikoki, babu mai ba shi 'ya da saninsa. Mai sauraren waƙar yana leƙa wata duniya ce da ya tabbata tana ƙarƙashin tasa. Yau kuwa mai bindiga da rana yake shiga gari, yana aza wa ƙauyuka haraji, yana yanke hukunci tsakanin mutane, ana zuwa neman sulhu da shi. Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya rubuta a littafinsa Muƙaddima cewa wanda aka rinjaya kullum yana son kwaikwayon wanda ya rinjaye shi, a tufafinsa da alamominsa da sauran al'amuransa, domin zuciya tana ɗaukar cewa kamala tana wurin mai ƙarfi. Karan dawa da tsumman da kuka gani a hannun yaran nan fassarar wannan magana ce. Yaro yana kwaikwayon wanda ya ga manya suna tsoro.

Akwai kuma wani bambanci da ya shafi aikin makaɗi shi kansa. Idan kuka saurari makaɗan fada na ƙasarku, irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, za ku ji suna jingina wa sarki adalci da haƙuri da kyauta da riƙon talakawa. Ko sarkin bai cika su duka ba, an faɗa masa a gaban jama'a abin da ake jira daga gare shi, an kuma faɗa wa jama'a ma'aunin da za su auna shi da shi. Wani Baturen Ingila, Anthony Kirk-Greene, a wata lacca da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Dukiya ba ta cikin lissafin, ƙarfin makami ma ba ya ciki. Waƙar da take yabon mutum don yawan bindigoginsa da damin kuɗin da ya baje, ma'aunin ne take sauyawa, kuma wannan ya fi zagi ko batsa illa.

Game da hanawa, ina goyon bayan a hukunta wanda ya ɗauki kuɗin mai kisan jama'a ya yi masa kirari, domin wannan taimakon ɓarna ne. Amma kada mu ɗora dukkan fatanmu a kan doka. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako, alhali waƙa ba ta buƙatar layi kafin ta tashi daga wannan waya zuwa waccan, ko daga shagon mai turawa zuwa katin ajiya. Muddin yaro yana ganin mai bindiga ne kaɗai ake shakka a yankinsu, to ko an toshe waƙar zai rera ta da bakinsa. Abin takaici kuma shi ne mun bar makaɗan noma da na sana'a suna tsufa babu magada, masu kuɗinmu ba sa yi wa mai waƙar manomi ko ungozoma ko malamin makaranta irin kyautar da za ta sa matashin mawaƙi ya ga akwai abinci a wannan hanya.

Ku kira babban jikan naku ba da faɗa ba, ku ce ya kunna muku bidiyon ku kalla tare. Idan aka zo inda ake baje kuɗin, ku ce ya tsayar. Ku tambaye shi shanu nawa aka sayar, gonaki nawa aka jinginar kafin a tara wannan dami, sannan ku kira masa sunan mutum ɗaya da ku duka kuka sani wanda aka karɓi kuɗin fansa a hannun iyalinsa, ku ce ya faɗa muku inda iyalin suke kwana yanzu.